Taliya 'Yar Murji Daga Batsari Zuwa Safana

Ranar Alhamis na bar Katsina, don ranar kasuwar Batsari ke ci, mota ba ta wuyar samu. Hanya ta miƙe yamma, an riga an girbe gero da dawa, sai karmami da kara a gonaki. Tun a tasha direba ya ja mana kunne cewa mai niyyar komowa ya gama sha'aninsa kafin la'asar. Ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya san abin da 'yan bindigar Dajin Rugu suka jawo wa ƙasar nan.

Gidan goggona na sauka. Ina yin sallama na tarar an ɗaura igiyoyi daga bango zuwa darbejiya, taliya a rataye tana shan hantsi. Jikarta na juya hannun inji, ita kuma tana tarar silin da ke fitowa. Kwaɓin fulawa ne da ruwa da gishiri, mai tauri sosai. A yanka shi curi-curi, a yi ta bi da shi ta inji har ya yi falle, sannan a mayar da shi bakin da ke tsagawa.

"'Yar nan, sana'ar hunturu ce," in ji Goggo. "Da damina in rana ta ƙi fitowa sai ta yi miki tsami a igiya. Mu da muka taso ma babu inji, da tafin hannu ake murza ta, sai biki ko babban baƙo."

Maganarta ta tuna mini da Giranyano, wani gari kusa da Nafoli a kudancin Italiya, inda a da ake shanya taliya a kan sanduna a tsakiyar titi, iskar teku da ta duwatsu su busar da ita. Tun 1154 masanin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta wa Sarki Roja na Biyu cewa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana yin busasshiyar taliya ana loda wa jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Marko Folo, wanda ake cewa shi ya kawo ta daga Sin, bai komo gida ba sai 1295. Mu kuma fataken Gadamas da Tarabulus, masu biyowa ta Agadas zuwa Katsina da Kano, su suka yaɗa cin alkama a biranenmu, alkaki da gurasa da funkaso suka zama cimar fada da gidajen attajirai.

Washegari na kama hanyar Safana ta Runka. Motar ta cika da buhuna, hira kuwa ba ta wuce wane ƙauye aka koma, wane har yanzu kango.

A Safana wata mata mai sayar da abinci ta zuba mini taliya da wake, ta kwarara manja, ta barbaɗa yaji mai ƙuli-ƙuli. Tata ta fi ta Goggo kauri, ta ce da gangan ne, don mai aikin ƙarfi ba ya son wadda za ta narke masa kafin azahar. Italiyawa da irin wannan bambanci suke alfahari: a Bolonya da ƙwai ake kwaɓi, a Bari mata na zama ƙofar gida suna danna kwaɓin da babban yatsa, kowane yanki yana kare nasa salon. Ina jin ciwon yadda mu muke kallon 'yar murji a matsayin abincin marar hali, mu ɗaukaka ta leda irin su Golden Penny, alhali tamu ta fi kama mai da yaji.

Matar ta ce daga ƙauye suka taso da dare, abin da ta iya ɗauka shi ne yara da injin taliyarta.

"Da shi nake ciyar da su, Hajiya. Abin da ke karya mu kuɗin fulawa."

Gaskiyarta, don mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, duk motsin dala sai ya iso kwanonta. Na sayi busasshiya ɗauri biyar, ta ƙara mini ɗaya gyara, na shiga motar Dutsin-Ma.