MOTAR DA ƘANINA YA BARI

Masu jiran ci gaban labarinmu su yi mini afuwa wannan makon, wani abu ne ya faru da ni a gida, na ga idan ban rubuta shi ba ba zan samu sukunin komawa kan littafi ba.

Ƙanina da ya rasu bara, Allah Ya ji ƙansa, bai bar wani abin duniya ba sai ɗa guda ɗaya ɗan shekara tara, wanda yanzu yake hannuna, sai akwatin tarkacensa. A cikin akwatin nan yaron ya tono wata mota mai rimot, ba irin ta 'yan tallan Sallah da ke mutuwa kafin hawan Nassarawa ba. Wannan ta kamfanin Tamiya ce na ƙasar Japan, samfurin Hornet, wadda aka fara fitarwa a 1984 aka sake fito da ita a 2004. Irin wadda ake haɗawa da hannu ce, sukuru bayan sukuru, ana kuma iya warware ta. A gwanjo ya saye ta tun yana saurayi, na kuma tuna irin faɗan da Hajiyarmu ta yi masa a kan kuɗin.

Yaron ya kawo mini ita ta yi butu-butu, ƙura da tsohon giris sun haɗu sun zama baƙin danƙo. Ya ce, "Gwaggo, za ta tashi kuwa?" Na ce mene ne abin wahala a wanke roba? Ni da na fi shekara ashirin ina wanke robobi a gidan aure.

To a nan na tafka kuskure. Na ga wani tabo a gindin motar ya ƙi fita, sai na ɗauko ruwan goge jan farce na zuba a auduga na murza. Wallahi kafin in ɗaga hannu wurin ya yi laushi ya dusashe, audugar ta manne a jiki, har shatin yatsana ya fito. Yaron bai ce uffan ba. Ya dai karɓi abarsa ya shige ɗaki. Da kuka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na aika aka kira mini wani dattijo mai gyaran rediyo a layinmu. Ya juya ta ya juya, ya ce, "Hajiya, ai roba suna ta tara." A bakinsa, da abin da muka bincika a waya daga baya, na fahimci roba iri uku ce a jikin motar nan. Gindinta da wadda ake kira ABS aka yi shi, kuma sinadarin asiton da ke cikin ruwan goge farce narkar da ita yake yi, haka ma tina ta masu fenti. Murfin sama mai sirantaka wata roba ce daban, irin wadda fetur kan sa ta tsattsage, fentinta kuma ta ciki aka shafa shi, don haka ba a dirzar cikin. Sai fararen 'yan zobban da ƙafafu ke juyawa a kansu, waɗannan nailan ne. Ba fa ledar kasuwa da 'yan kudu ke kira nailan ba, wannan abu ne mai tauri, shi asiton bai cika damunsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wai nailan yana shan ruwa daga iska, kuma wannan danshin ne ke sa shi jure bugu. Idan ya bushe ƙayau sai ya riƙa karyewa. Ku duba hunturun Kano da ke fasa mana leɓe da dunduniya, ashe har shi bai bari ba. Shi ya sa masu wannan harka kan jiƙa tsofaffin sassan nailan a ruwan zafi. Amma dattijon ya ja mini kunne kada in kuskura in haɗa da ABS, domin ita da zafi ya kusa na tafasar ruwa sai ta fara lanƙwashewa.

Ranar Asabar muka shimfiɗa tabarma ni da yaron. Mai gyara ya riga ya cire injin da batir da duk wani abu mai waya, don su ba sa shiri da ruwa. Kafin mu kwance kowane sashe sai na ɗauki hotonsa, sukurori kuma muka zuba a murafun kwalba. Kayan aikinmu kaf: ruwa mai ɗumi, sabulun ruwa na wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori, da tsinken sakace. Girishin muka fara kwashewa da tsumma, sannan muka jiƙa sassan kamar rabin awa, muka bi haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Nan ne aikin yake, domin giris da ya sha yashi cin haƙoran yake yi a hankali. Sau uku muna canza ruwa. Muka ɗauraye, muka shanya a inuwa har washegari, saboda ruwan da ya maƙale a ramin sukuru shi ke kawo tsatsa. Fararen sassan da suka koma ruwan ƙwai kuwa haka muka bar su, wannan launin tsufa ne, sabulu ba ya fitar da shi.

Muna cikin dirza yaron ya gano wasu haruffa biyu da aka karta da allura a cikin gindin motar, farkon sunan babansa. Tsakaninsu da inda na ƙona bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na tashi na ce zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

An haɗa ta, an shafa giris ɗan kaɗan, ƙafafu na juyawa sumul idan an tura da hannu. Tsohon batirin dai ya mutu murus, na ba da saƙon wani wurin mai zuwa Legas, kuɗin ma sai da na taɓa na bugun littafi. Na ce da yaron mu liƙa sitika a kan tabon, ya ce a'a Gwaggo, a bar shi. Yanzu haka tana kan durowata, kullum ya dawo daga Islamiyya sai ya tambaye ni ko mai saƙon ya bugo waya.