'Yan Ƙwadagon Baba

A 1991 aka dawo da mahaifina Abuja daga Legas, shekarar da gwamnatin Babangida ta tare a sabon babban birni, muka samu gida a Kubwa. A lokacin, in ka bi ta bayan layinmu ka ɗan taɓa tafiya, sai daji da kunyoyin doya. Mahaifina Bakatsine ne, damina ba ta wuce shi bai riƙe fartanya ba, don haka ya ari ɗan fili wajen wani dattijon Gbagyi da muke kira Baba.

Gonar Baba a idona hargitsi ce kawai. Masara a gefen doya, wake na yaɗo a ƙasa, kuɓewa nan, barkono can, ga ɗorawa da kaɗanya a tsakiya ba mai sa musu gatari. Ni dai danƙo ke kai ni. Wata Asabar na auna wata balbela da ke bin masu noma tana tsintar fara, sai na ji an kama mini kunne.

"Yaro, in ka kashe ta, kai za ka cinye mini farar?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, bar mini 'yan ƙwadagona."

Daga ranar ya shiga gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ganyen masara, sai ga cinnaku sun yi wa wata tsutsa taron dangi, tana mutsu-mutsu suna jan ta. Ya fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a jikin bukkarsa, sai korayen tsutsotsi suka zubo, duk a sume, abincin da ya tara wa 'ya'yansa. Ashe ƙwaron da muke ara sunansa in mun cusa riga cikin wando mafarauci ne. Akwai kuma mujiyar da ke kwana a kogon ɗorawar. Mahaifiyata in ta ji kukanta sai ta kama a'uziyya, shi kuwa Baba cewa yake ita ke rage masa ɓerayen rumbu. Wake kuma da toka da ganyen darbejiya yake adana shi.

Yau rukunin gidaje ne a wurin, da katanga da mai gadi. Ɗorawar ta daɗe da zama gawayi.

A 2016 wata baƙuwar tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Najeriya, ta afka wa masara. Da ta iso 'yar shukar da nake yi a bayan gida, ban tsaya wata-wata ba na sayo magani na yi feshi. Washegari na tarar da ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo a mace a gindin shuka, ita kuwa tsutsar tana can cikin kan masarar ta lafe, tana ta ci. Daga baya na ji yadda masana a cibiyar INRAN ta Maraɗi ke kiwon wata 'yar mitsitsiyar rina, a rataye ta cikin ƙananan buhuna a gonaki, ta fito ta hallaka tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Wato abin da Baba ke samu kyauta, yanzu sai an yi kiwonsa a ɗakin bincike.

Bana zanzaro ya yi gini a tagar ɗakin girkinmu. Maiɗakina ta ɗauko tsintsiya, na ce ta dakata tukuna, sai an yi girbi.