Sawun da Gbonka Ya Bari

A shekarar 1996 ina zaune a Houéyiho, cikin Kwatano, ina koya wa yara Turanci da yamma a wani ɗaki mai rufin kwano. Yawancinsu daga Zango suke zuwa, 'ya'yan Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa, da 'yan Fon biyu. Da rana Faransanci suke yi a makaranta. Littafin da na samu kwafi uku nasa shi ne wasan Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968, aka buga shi a 1971. Rotimi ya ɗauko labarin Sarki Idifas na Girkawa, wanda Safokilis ya rubuta fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, ya mai da shi ƙasar Yarbawa.

Labarin bai ba su wuya ba. An haifi yaro ga Sarki Adetusa na Kutuje, mai duba ya ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka ba Gbonka shi ya kai daji ya hallaka, tausayi ya hana shi. Yaron ya girma a wani gari da suna Odewale, abin da aka faɗa kuwa ya cika. Mai duba ba baƙo ba ne ga yaran Kwatano, gama sun san masu duban Fa a unguwanninsu.

Wahalata ita ce sa su faɗi abin da ba a rubuta ba. In na tambayi wa ya faɗi kaza, hannuwa su tashi. In na ce don me ya faɗa, ɗaki ya yi tsit. Sai na ce musu mu yi kamar makiyayi da saniyarsa ta ɓata: bai gan ta ba, amma ya ga sawu. Na kafa doka ɗaya. Kowa ya yi zato, sai ya nuna mini layin da zaton ya tsaya a kai.

Muka zo inda aka ba da labari cewa 'yan fashi ne suka kashe Adetusa kusa da Ede. Na tambaye su ko sun yarda. Wata yarinya, 'yar mai sayar da atamfa a Dantokpa, ta ce, “Malam, wanda ya kawo labarin yana rakiyar sarki ne, ya kuma dawo da ransa. In mutum ɗaya ne ya kore su, da wane ido zai dubi mutanen gari? Dole ya ce suna da yawa.” Ba mu kai wurin da Gbonka ya amsa gaskiya ba tukuna. Na yi murna ƙwarai, har na manta na gyara mata Turancinta.

Amma ni kaina na karya dokar. Akwai wani yaro Bazabarme da ba ya yarda ya karanta da ƙarfi. Na yanke cewa rago ne, na kuwa faɗa masa haka a gaban kowa. Sa'ad da muka isa inda Odewale ya tuna yadda tsohon nan ya yi wa harshen ƙabilarsa ba'a a gona, har fushi ya sa ya kashe shi da fartanya, na tambaya mene ne ya fi yi masa zafi, gonar ko ba'ar. Yaron ya ɗaga hannu, karo na fari.

“Ba'ar ce, Malam. Gona ana samun wata.”

Na ce ya nuna mini layin. Ya nuna. Sa'an nan ya ƙara da cewa duk lokacin da ya buɗe baki a ɗakin nan, na baya suna kwaikwayon maganarsa a ƙasa-ƙasa. Wata uku ina tsaye a gaban allo, ban ji ba.

Rotimi ya rubuta wasan nan ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, na 1967 zuwa 1970, ya kuma bayyana cewa ƙiyayyar ƙabilanci yake nufi. Na yi niyyar gaya musu wannan a ƙarshe, kamar wani babban asiri. Ranar ban faɗa ba. Na roƙi yaron gafara a gaban waɗanda na kunyata shi a gabansu, na ba shi ɗaya daga kwafin ukun ya tafi da shi gida. Mako na gaba shi ya karanta Odewale.