Dabino Bakwai na Autanmu

A ƙarshen watan Agusta, ranar da aka koma makaranta, shugaban makarantarmu ya tura mu manyan ɗalibai mu taimaka a ƙananan azuzuwa. Ni aka kai ni aji biyu, ajin Autanmu. Wata biyu kenan da zuwansa Dubai daga Kano, inda ya zauna wurin kakarmu. Larabcinsa bai wuce na karatun allo ba, Turanci kuwa sai a hankali. Tun a hanyarmu daga Deira yake cewa, “Yaya, ni dai ba zan yi magana ba.”

Malamar ajin ɗaliba ce mai koyon aikin malanta, ranar ce ma farkon tsayuwarta a gaban yara. Na ga hannunta yana ɗan rawa. Ta ajiye rajista, ta zaunar da su a da’ira a kan kafet, ta zaga da faranti cike da dabino, ta ce kowa ya ɗebi son ransa. Sai da kowa ya ɗiba ta faɗi sharaɗin: yawan dabinonka, yawan abin da za ka faɗa game da kanka. Mai ɗaya ya tsira da faɗin sunansa. Auta kuwa bakwai ya kwasa.

Da layi ya zo kansa ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika da ƙwalla. Ni ma kunya ta kama ni, domin ban taɓa yin Hausa a cikin makaranta ba, ina gudun dariya. Malama ta durƙusa kusa da shi ta ce ya faɗa da harshen gidansu, yayansa zai fassara.

Da ƙyar ya ce, “Ina da littafi da alƙalami.” Kafin in buɗe baki wani yaro ɗan Sudan ya yi tsalle ya ce, “Ƙalam! Na gane!” Malama ta tambaye ni ko akwai wasu kalmomi irin wannan. Na kawo allo, da sabulu, da Jumma’a, da Asabar, waɗanda Hausa ta aro daga Larabci. Ta rubuta su, kowace kusa da ta Larabcinta. Nan Auta ya sake: ya faɗi cewa yana son tuwo, yana tsoron jirgin abra da ke tsallaka Khor Dubai, kuma ana kiransa Auta ne don shi ne ƙarami a gidanmu. Ya cika bakwai ɗinsa cif.

Ban ce ranar ta gyara komai ba, har yanzu yana fama da nahawu. Amma washegari shi ya riga ni saka takalmi.

Roƙona ga malamai masu koyon aiki shi ne, kafin ku buɗe littafi ku nemi abin da yaro ya zo da shi daga gida. Iyaye kuma kada ku hana mu Hausa don mu iya Larabci.