Tafiyar Minti Guda a Jirgin Sama

Can arewacin ƙasar Sikotlan, cikin mulkin Birtaniya, akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Orkney. Biyu daga cikinsu suna fuskantar juna, ɗaya Westray, ɗaya Papa Westray. Kowane yana da ɗan filin saukar jirgin sama, kuma tsakanin filayen nan biyu bai cika mil biyu ba. In da tudu ne, mai ƙarfin ƙafa sai ya taka shi cikin rabin sa'a. Amma ba tudu ba ne, teku ce ta raba su.

Tun shekarar 1967 wani kamfani mai suna Loganair ya ke jigila tsakaninsu. A takardar lokatan tafiya an rubuta minti ɗaya da rabi, amma abin da jirgin kan yi a sama bai fi minti guda ba. Duk duniya babu wata tafiyar jirgin haya mai tsayayyen lokaci da ta kai wannan gajarta. Jirgin ƙarami ne, fasinja 8 ya ke ɗauka, ban da matuƙi. Wani matuƙi, Stuart Linklater, ya yi wannan ƙetare fiye da sau 12,000 kafin ya ajiye aiki a 2013, har wata rana ya yi shi cikin sakan 53. Kai, kafin mutum ya gyara zama an sauka!

Wanda ya ji wannan labari da fari sai ya yi dariya, ya ce Turawa sun rasa abin da za su yi da kuɗi. To, mai karatu, a dakata tukuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi da damina, yana hangen rumfunan kasuwa a ƙetare, ga mara lafiya a hannu, ruwa kuwa ya cika ya batse, ya san abin da ido ke gani ba lalle ƙafa ta kai gare shi ba. Mutanen Papa Westray wajen 90 ne a ƙidayar 2011. Gari mai mutane kaɗan haka ba ya iya riƙe asibiti ko babbar makaranta. Waɗannan suna Kirkwall, babban garin tsibiran, mil ashirin da wani abu daga nan. Akwai jirgin ruwa, gaskiya ne, amma yana da jinkiri, kuma tekun nan ba ta da tabbas lokacin hunturu.

Asalin tafiyar ma zagaye ne. Jirgi kan tashi daga Kirkwall, ya sauka tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, sa'an nan ya komo gida. Minti gudan nan gaɓa ɗaya ce kawai cikin zagayen. Kuɗin fasinja ba su isa su riƙe aikin ba, saboda haka majalisar tsibiran ce ke cikasawa daga baitulmali, kamar yadda hukuma kan gina gada don ƙauye guda. Wannan kashe kuɗi kuwa yana bisa hanya, gama in an janye jirgin, masu yara da tsofaffi ne za su fara ƙaura.

Ban da 'yan gari da ma'aikatan lafiya, malamai da ɗalibai su ma sukan shiga jirgin, don su je su duba wani gidan dutse a Papa Westray, Knap of Howar, wanda aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce.