Katin Da Goggo Ta Ɓoye A Cikin Kwalla

Bayan sallar layya na shirya na tafi Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, don in gaida Goggona wadda aka yi wa aikin sankarar bakin mahaifa. Daga Sakkwato muka ɗauki hanya, ga fadama shar, ga gonakin gero har iya ganinki.

Na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida, ta yi ɓulɓul abinta. Kowa sai cewa yake, "Ai Goggo ta warke!" Shekara guda ke nan da aka gama yi mata gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Da dare ta aike ni in ɗauko turare cikin kwalla, sai na ci karo da katin asibitinta. Ranar komawarta ta wuce da wata biyar! Gabana ya faɗi, don likita ya ce ta riƙa zuwa duk bayan wata 3 har shekara 2, daga nan duk wata 6 har a cika shekara 5. Ciwon yakan dawo a ɓoye, kuma awo ne ke kama shi da wuri.

"Goggo, me ya hana ki komawa?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, lokacin da nike kwance kowa ya kawo gudummawa, har akuyata anka sayar. Yanzu da anka ce na warke, da wane baki zan roƙi kuɗin mota? Ga tsoron 'yan bindiga bisa hanya."

Allah sarki! Ashe ƙafarta ta hagu tana kumbura, al'adarta ta ɗauke tun bayan gashin, kwanciyar aure ma ta zame mata azaba. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har mijinta. Na rungume ta muka sha kuka.

Washegari na durƙusa gaban Baffa na yi masa bayani. Ya sayar da buhun gero, ranar Litinin muka kama hanyar Sakkwato ni da ita.

'Yan uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kina da wadda aka sallamo, ki duba katinta, ki raka ta. Ƙannenki 'yan shekara 9 zuwa 14 kuwa a kai su allurar rigakafin wannan ciwo, wadda aka fara yi kyauta a Nijeriya a 2023.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.