Kwamfuta Mai Karanta Hoton Ƙirji

Ku yi haƙuri, yau ba ci gaban labarinmu na kawo ba.

Mu a Dala, in tari ya haɗu da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, sai mu ce sanyi ne, a aiki yaro kemis ya sayo kafso. Alhali nimoniya iri-iri ce. Wadda bakteriya ke kawowa tana jin kafso, ta bairos kuwa ko gezau. Ga tarin tibi a gefe yana ɓad da kama.

Ban manta Afrilun 2020 ba, da gawarwakin da aka riƙa kaiwa maƙabartar Ƙofar Mazugal. Daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne suka rasu a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Ta tambayar iyalan mamata aka gano. Bayan an binne fa!

Shi ya sa batun nan ya tsaya min a rai. Ana nuna wa kwamfuta dubban hotunan ƙirji da likitoci suka tantance, har ta koyi gane tabon kowace cuta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita wajen neman tibi ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Raba korona da sauran nimoniya ne da saura: a shekarar, masana a Jami'ar Kambirij suka duba bincike 62, ba su sami ko ɗaya da ya isa a shigar asibiti ba.